Na sabunta Android Studio, yanzu manhajata ta ƙi wayoyin Android 5. Ina mafita?

Dan_Kurmi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun daren jiya nake fama, na ce bari in kawo nan ko Allah zai sa a dace. Akwai wata 'yar manhaja da na yi wa wata ƙungiyar manoma shekara uku da suka wuce. Wakilansu na ƙauyuka ne ke rubuta wanda ya karɓi taki ko iri bashi, da abin da ya biya bayan girbi. Da yaren kod na Kotlin na rubuta ta, bayanan kuma suna tafiya Firebase, ma'ajiyar bayanai ta Google da ke intanet. Tun farko na sa minSdk 21, wato Android 5.0, don na san irin wayoyin da ke hannun mutanen.

Play Console, shafin da ake ɗora manhaja a Play Store, ya ishe ni da saƙo cewa in kai targetSdk 35, wato Android 15, sai na ce bari in yi shara gaba ɗaya. Na sauke sabon Android Studio, manhajar da muke rubuta manhajojin Android a cikinta, na bar shi ya ɗaga Gradle, abin da ke haɗa kod ya zama manhaja, kuma duk layin laburaren (kod ɗin wasu da manhajata ke jingina da shi) da ya shafa wa rawaya na danna masa sabuntawa. Da na zo haɗawa sai ya cije, yana cewa "minSdkVersion 21 cannot be smaller than version 23 declared in library". Na mayar 23, wato Android 6, ya haɗu sumul. To amma wakilai 11 cikin 64 suna kan 5.1 har yanzu. Shin sabon Android Studio ya daina yi wa Android 5 aiki ne kwata-kwata? In koma tsohon? Ga shi an fara girbi, lokacin karɓar bashi ne.

Baba_Java:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, kada ka ɗora wa Android Studio laifin da ba nasa ba. Sake karanta saƙon, ƙarshensa zai gaya maka sunan laburaren da ya ce sai 23. Studio ba ruwansa da wace waya za ta buɗe manhajarka. Abubuwa uku ne kake haɗa su wuri guda. minSdk shi ne ƙasan ƙofa, wayar da ba ta kai shi ba ba za ta shiga ba. targetSdk alkawari ne kake yi wa wayar cewa ka gwada manhajarka da ɗabi'un wannan sigar, shi ne Google ke matsa maka a kai kowane 31 ga Agusta: 33 a 2023, 34 a 2024, 35 a 2025. compileSdk kuma kayan aikin da ake auna kod ɗinka da su ne lokacin haɗawa. Play bai ce ka taɓa minSdk ba. Kana iya zama da 21 a ƙasa da 35 a sama, ba wanda zai ce maka kanzil. Rawayar nan da ka bi kana dannawa ita ce ta ja maka.

Dan_Kurmi:
Na gode Baba. Na duba, sunan Firebase ne a ƙarshen layin. Wallahi ban ma karanta har can ba jiya, idona ya riga ya rufe.

Yar_Zazzau:
To an zo wurin. Firebase BoM 34, wato ƙunshin laburaren Firebase siga ta 34, da ya fito a Yulin 2025 shi ne ya kai mafi ƙarancinsa 23. Ka koma layin 33 ka zauna a nan. Amma ka lura, in kana amfani da Firebase Auth, shi tun a BoM 33 na 2024 ya riga ya koma 23, sai ka ƙara ja baya zuwa layin 32. Sannan idan ka gama da Firebase kada ka yi mamaki wani ya sake ɗago kai, domin laburaren AndroidX ma a 2025 suka fara komawa 23 ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda suka koma 21 a 2024. Za ka yi ta gyara ɗaya wani na fitowa, kamar mai toshe ramin ɓera.

sabon_shiga:
Oga akwai hanya mai sauƙi fa. Ka sa tools:overrideLibrary a cikin fayil ɗin manifest na manhajar, ka rubuta sunan laburaren, zai haɗu nan take. Saƙon ma da kansa yake ba da shawarar.

Baba_Java:
@sabon_shiga, ka karanta abin da ke gaba da shawarar kuwa? Ya ce yana iya jawo matsala lokacin da manhajar ke aiki. Abin da ka yi shi ne ka rufe wa mai gadi baki, ɓarawon kuma yana nan a tsakar gida. Mutanen da suka rubuta laburaren sun cire duk wani "in wayar ta gaza 23 ka bi ta nan" daga kod ɗinsu. Ranar da ya kira umarnin da babu shi a Android 5, manhajar za ta fice kawai, wakili yana tsaye gaban manomi da buhun masara. Gara ta ƙi haɗuwa a kwamfutarka da ta mutu a hannun mutum a ƙauye.

sabon_shiga:
Na karɓi gyara Baba. Ni dai na taɓa yi kuma ta yi aiki, amma gaskiya a wayata kawai na gwada.

MaiGradle:
Ina da ɗan gyara a maganar Baba, da izininsa. Gaskiya ne compileSdk ba ya korar waya, amma kada a ɗauka ba ya cizo. Ni ya cije ni. Na ɗaga shi zuwa 35, ban taɓa ko layi ɗaya na kod ba, na gwada a emuleta, wato wayar kwaikwayo ta cikin kwamfuta, mai Android 15, komai lafiya, na tura. Washegari na tashi na tarar da rahoton mutuwar manhaja jingim, duka NoSuchMethodError. Ashe removeFirst() da removeLast() ne da nake kira a kan jeri. Da can na Kotlin ake ɗauka. Da aka koma 35 sai ga shi Java ma ta samu masu irin wannan suna a cikin List, mai haɗawa ya zaɓi na Java, su kuma babu su a duk wayar da ba ta kai Android 15 ba. Ka ga ba ma maganar Android 5 ake ba, har mai Android 14 da ya sayi wayarsa bara sai da ta fice masa. Maganin bai taka kara ya karya ba, removeAt(0) da removeAt(lastIndex). Dan_Kurmi, ka bincika kod ɗinka yanzun nan kafin ka manta.

Baba_Java:
Wannan gaskiya ne, na manta da shi. Allah ya ƙara sani.

Dan_Kurmi:
Innalillahi. Akwai removeLast() guda biyu a wurin da nake jera rasit ɗin da ba su tafi ba saboda rashin sabis. Da na tura da na kashe kowa, ba 11 kaɗai ba.

Sarkin_Waya:
Ni fa ba mai rubuta manhaja ba ne, gyara da sayar da waya nake a Farm Centre, ina leƙowa nan ne don ƙaruwa. Amma bari in faɗi abin da nake gani a kan teburina. Android 5 ya haura shekara goma a duniya. Wadda ake kawo min yawanci batir ya kumbura, ma'ajiyarta giga 8, RAM giga ɗaya, WhatsApp kaɗai ya cinye ta. Mutum 11 ne fa. Ƙungiyar da ke raba taki bashi ba za ta gaza saya musu 'yan wayoyi masu Android Go ba, ko da na hannu ne. Kuɗin da za a biya ka na wahalar riƙe tsohuwar siga ai ya kusa sayen wayoyin.

Dan_Kurmi:
Sarki, wa ya ce maka ana biyana na wannan wahalar? Sau ɗaya aka biya ni, sauran duk "Allah ya saka" ne da buhun gero in an yi girbi.

Hajjo_UX:
Sarkin_Waya, ka faɗi ne a matsayin mai shago, kuma ba laifi. Amma na zauna da irin waɗannan wakilan lokacin da muke gwada wata manhajar asibitin karkara. Akwai wata baiwar Allah, ungozoma ce, wayarta ta tsage an ɗaure da kyauro, amma ta san inda komai yake a cikinta da ka, ba ta karanta boko sosai, wurin maɓalli take ganewa. Muka ba ta sabuwa, wadda babu maɓallai uku na ƙasa sai dai a ja da yatsa. Kwana biyu ta dawo da ita a cikin ledarta ta ce a ba ta tata. Sauya waya ba sauya ƙarfe ba ne kawai. Kuma mu da ke zaune a birni da wuta da sabis muna saurin cewa "ai mutum kaɗan ne". Kowane wakili ɗaya a manhajar Dan_Kurmi ƙauye guda ne a bayansa.

bakatsine92:
Hajiya, tausayi daban, aiki daban. Google da kanta ta daina sabunta Play services a KitKat, wato Android 4.4, tun Agustan 2023, ta bi da Lollipop, wato Android 5, a 2024. Wanda ya ƙera abin ya sake shi, mu ne za mu riƙe? Kuma akwai maganar tsaro. Wayar da ta yi shekaru ba ta samu facin tsaro ba, a kanta ake rubuta bashin mutane da lambobin wayarsu. In an kwashe bayanan wa za a kama?

Hajjo_UX:
Ban ce a riƙe har abada ba. Na ce kada a yanke a tsakiyar kaka. A gama karɓar bashin bana tukuna.

DanMaradi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Nan wajenmu ma haka abin yake, wayoyin da ake shigowa da su daga Kano da na hannu daga Dubai su suka cika kasuwa. Ni abin da na yi a tawa manhajar, na raba ta gida biyu da productFlavors. Ɗaya na kira shi tsoho, minSdk 21, laburarensa na daskare a inda suke, ba na ƙara masa komai sai gyaran abin da ya karye. Ɗayan sabo, minSdk 24, shi nake yi wa ado. Gradle na barin kowanne ya ɗauki nasa laburaren. Sai ka ba sabon versionCode mafi girma, wayar da ta isa ta ɗauki sabo, wadda ba ta isa ba ta faɗa kan tsoho. Aiki ne, ba zan ɓoye maka ba, amma ya fi ka ja manhajar gaba ɗaya baya saboda mutum 11.

Yar_Zazzau:
Dabara ce mai kyau, sai dai a tuna in ta Play za a tura, shi ma tsohon duk ranar da za ka sabunta shi sai targetSdk ɗinsa ya kai inda suka ce. Ba a yi masa rangwame don ya tsufa. Kuma mutum ɗaya da ke aiki da daddare bayan ya taso daga wurin neman abinci, gida biyu na iya fin ƙarfinsa. Duk gyara sau biyu za ka gwada.

DanMaradi:
Haka ne Malama. Shi ya sa ni tsohon ba na ma ɗora shi a Play, APK, wato fayil ɗin manhajar, nake ba su hannu da hannu.

Sarkin_Waya:
Ai dama yawancin mutanen ƙauye ba ta Play suke saukewa ba. Xender ne. Mutum ɗaya ya sauke, ya tura wa goma. Wasu ma ko akawun na Google babu a wayar, mu muke buɗe musu a shago su manta kalmar sirrin kafin su isa tasha.

MaiGradle:
Tunda an zo maganar Xender, akwai rami a nan. Tun Agustan 2021 sabuwar manhaja a Play sai da App Bundle, wato abin da ke sauka a waya ba fayil ɗaya ba ne, gutsattsari ne da aka yanka daidai da wannan wayar: irin injinta, girman fuskarta, harshenta. In aka tura wa wani sau da yawa uwar kawai ke tafiya, ko kuma gutsuren bai dace da tasa ba, sai ka ji "ta ƙi shiga". Na biyu, sa hannu. In Play ne ke sa wa manhajarka hannu da makullin da ke wurinsu, kai kuma ka haɗa APK a kwamfutarka da wani makulli daban ka raba, waɗannan biyun ba sa hawa kan juna. Sai an goge ɗaya, kuma gogewar na tafiya da duk rasit ɗin da bai riga ya hau intanet ba. Abin da ya fi, ka shiga Play Console wurin da ake duba bundle, ka sauke cikakken APK mai sa hannunsu, shi za ka raba.

Dan_Kurmi:
Wannan ya bayyana min wani abu da ya faru bara. Wani wakili ya ce manhajar ta ƙi sabuntuwa, na ce ya goge ya sake sawa, rasit na kwana huɗu suka tafi. Sai da muka zauna da littafinsa na takarda muka mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Allah ya sa dattijon bai yarda da waya ɗari bisa ɗari ba, yana rubutawa a takarda ma.

Mai_Tuffa:
Ku dai kuna cikin daɗi ba ku sani ba. Ku zo ɓangaren iPhone ku ga. Ku Studio bai hana ku komai ba, mu Xcode da kansa yake yanke ƙasan. Xcode 14 ya tsaya a iOS 11 ya kuma yar da wayoyi masu 32-bit, Xcode 15 ya koma iOS 12. Kuma ba ka da ikon cewa za ka zauna a tsohon Xcode, don a Afrilun 2025 App Store ya daina karɓar abin da ba a haɗa da Xcode 16 ko sama ba. Sabon Xcode kuma yana son sabon macOS, sabon macOS yana son sabuwar Mac. Sarƙa ce, ka ja ɗaya duka su biyo. Ga mutanenmu da son iPhone na hannu: 6 ta tsaya a iOS 12, 6s da 7 a iOS 15, 8 da X a iOS 16. Ni yanzu 15 na sa a ƙasa saboda masu 7 suna da yawa cikin masu amfani da tawa.

bakatsine92:
Mai_Tuffa, manoman Dan_Kurmi ba su da iPhone, ka bar mu da abin da ya dame mu.

Mai_Tuffa:
Jaje na zo yi, ba shawara ba.

Injiniya_Gombe:
Ban ga wanda ya taɓo wannan ba, kuma a ganina ya fi duk sauran haɗari ga mai son riƙe tsofaffin wayoyi. Ko ka yi nasarar haɗa manhajar, sai ta iya magana da saba tukuna. In akwai wani abu da kake kira a sabarka ta kanka, kuma satifiket ɗinta na tsaro daga Let's Encrypt yake kamar yawancinmu masu neman na kyauta, to ka sani tushensu ISRG Root X1, wanda waya ke tantance satifiket ɗin da shi, babu shi a wayar da ba ta kai Android 7.1.1 ba. Da can suna jingina da wani tsohon tushe, DST Root CA X3, shi ya sa tsofaffin wayoyi ke wucewa. Wannan jinginar ta ƙare a 2024, ƙarshen Satumba aka rufe babin. Ni ranar da abin ya same ni ba wanda ya taɓa manhajar, sabar ce kawai ta sabunta satifiket ɗinta da kanta cikin dare, da safe masu Android 6 da 7.0 suka ce "ba ta shiga". Na yi awa uku ina zargin kamfanin layi.

sabon_shiga:
Wannan kam na san shi. Ana sa tushen a cikin manhajar, a rubuta shi a network_security_config, shi ke nan.

Injiniya_Gombe:
Rabin amsa ka kawo, ɗan'uwa. Wannan fayil ɗin daga Android 7.0 ya fara aiki, wato 24. Zai ceci masu 7.0, amma 5 da 6 ko kallonsa ba sa yi. Su sai ka ɗora satifiket ɗin da hannu a cikin OkHttp, laburaren da ke kiran saba, ka haɗa masa nasa mai tantancewa. Kuma don Allah kada wani ya je ya kwafo kod ɗin nan da ke yawo mai cewa a yarda da kowane satifiket. Wannan barin ƙofa a buɗe ne.

Dan_Kurmi:
Alhamdulillahi ni Firebase kaɗai nake kira, sai dai wani ɗan wuri da nake ɗauko farashin taki daga shafin ƙungiyar. Kai... ashe shi ya sa farashin ya daina fitowa a wayar wasu tun bara. Na ɗauka sabis ne.

Gwani_Flutter:
Duk wannan wahalar, da kun koma Flutter, tsarin da ake rubuta manhaja ɗaya ta yi a Android da iPhone, da kun huta.

Yar_Zazzau:
Hutun me? Flutter ya yar da KitKat a 3.22, kuma a 2025 ya kai ƙasansa 24. React Native ma tun 0.76 yake 24. Wato da Dan_Kurmi a Flutter yake, da ba 11 kaɗai zai rasa ba, har da masu Android 6. A nan wanda ya rubuta da Kotlin kai tsaye ya fi ku sararin motsi, domin laburare ɗaya-ɗaya yake zaɓa, ku kuwa a dunƙule ake ba ku.

Gwani_Flutter:
Ana iya daskare sigar Flutter ɗin ai, da fvm. Kowace manhaja da tata.

MaiGradle:
Ana iyawa, har ranar da Play zai nemi abin da tsohuwar sigar ba ta da shi. Misali maganar shafin ƙwaƙwalwa mai 16 KB da suka fara nema daga Nuwamban 2025 ga masu target 35. Duk manhajar da ke ɗauke da kod na C ko C++ a cikinta abin ya shafe ta, Flutter kuwa injinsa gaba ɗaya haka yake. Ka ga an matse ka daga sama, an matse ka daga ƙasa. Mai Kotlin zalla wanda babu irin waɗannan fayilolin a manhajarsa bai ma san ana yi ba.

Ummu_Data:
Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Me ya sa ba za a yi musu shafin intanet kawai ba, su buɗe a burauza? Ba Play, ba APK, ba minSdk.

Injiniya_Gombe:
Anti, can ma akwai ƙasan ƙofa, ba a rubuta shi ba ne kawai. Chrome ya tsaya a 95 a kan Android 5, 106 a kan Android 6, 119 a kan Android 7. Sabon JavaScript da kayan aikin yau ke fitarwa yana iya ba su farin shafi fes, ba saƙo ba komai. Ga kuma maganar satifiket ɗin nan tana jiran ki a can ma. Sannan wakilin da ke ƙauyen da sai ya hau tudu yake samun sabis, manhajar da ke ajiye rasit a cikin waya ta fi masa.

Baba_Java:
Bari in dawo da mu kan tambayar farko, don yaron nan ya tambayi ko ya koma tsohon Studio ba a ba shi amsa ba. Kada ka koma. Abin da za ka kiyaye shi ne Studio daban, Gradle daban, AGP (abin da ke haɗa Gradle da Android) daban, Java daban, laburare daban. Sabon Studio na iya buɗe aikin da ke kan tsohon AGP matuƙar bai tsufa ƙwarai ba. In ya fito da akwatin nan yana roƙon ka ɗaga, kana iya cewa a'a. Wurin da mutane ke faɗawa shi ne Java: AGP 8 na son JDK 17, wato kayan aikin Java siga ta 17, Studio kuma tun sigarsa ta Ladybug yake zuwa da 21 a cikinsa, tsohon Gradle bai san 21 ba sai daga 8.5. In ka ga "Unsupported class file major version 65" to shi ne, ka shiga saiti ka nuna masa JDK 17. Kuma daga yau, abu ɗaya ake ɗagawa a lokaci guda. Ka ɗaga, ka haɗa, ka gwada, ka ajiye a git mai riƙe tarihin kod ɗinka, sannan na gaba. Kai ka zuba gishiri da maggi da yaji lokaci ɗaya, yanzu kana tambaya wanne ya yi yawa. Kana da git dai ko?

Dan_Kurmi:
Ina da shi Baba, amma rabona da ajiyewa tun watan azumi.

Baba_Java:
La haula.

Hajjo_UX:
Baba a yi masa a hankali, duk mun yi wannan.

Yar_Zazzau:
Ko na watan azumin ma ya wadatar. Ɗauko fayil ɗin laburare na wancan lokacin ka mayar, ka bar Studio da AGP a sabo, ka ɗaga compileSdk da targetSdk kaɗai. Sai ka zauna ka bi abin da 35 ya canza. Babba a ciki shi ne manhajar za ta miƙe har ƙarƙashin sandar sama da ta ƙasa a Android 15, in ba ka gyara ba maɓallin "Ajiye" na iya shigewa ƙarƙashin maɓallan waya. Daga wace lamba kake tahowa? In daga 33 ne akwai na 34 ma, wato bayyana nau'in foreground service, aikin da manhaja ke ci gaba da yi tana nuna sanarwa, in kana da shi. Wani abu kuma: in kana amfani da java.time wurin kwanan wata, babu shi a ƙasa da Android 8 sai ka kunna coreLibraryDesugaring. Ka tabbata sharar da ka yi ba ta share wannan layin ba.

Sarkin_Waya:
In kana Kano ka biyo ta shago, akwai wata tsohuwar Tecno mai 5.1 a cikin durowa, mai ita ya bar ta tun bara bai dawo ba. Fuskar ta ɗan tsage amma tana kawo wuta. Ka riƙa gwaji da ita, in ya dawo sai ka maido.

MaiGradle:
Karɓi wannan tayin da hannu biyu. Emuleta mai API 22, wato Android 5.1, na da amfani, amma tana zaune ne a kan RAM ɗin kwamfutarka da intanet mai kyau. Ba za ta nuna maka yadda manhaja ke ja da ciki a waya mai giga ɗaya da ma'ajiya ta cika ba. Ni laftof ɗina giga 8 ne, in na kunna Studio da emuleta tare fanka kamar injin markaɗe, ga wuta ba tabbas, don haka dole ma na koma gwaji da waya ta gaske.

bakatsine92:
Har yanzu ina kan bakana. Duk abin da kuka lissafa, daskare laburare, satifiket da hannu, waya a durowa, bashi ne yake ci wanda zai biya da riba. Laburaren da ka daskare ba ya samun gyaran tsaro. Kowace shekara Play na ƙara lambar target, wata rana tsohon laburaren zai ƙi tafiya da sabon target, a lokacin kuma tsallen zai fi na yau nisa. Ka gaya wa shugabannin ƙungiyar gaskiya tun yanzu, a rubuce, da rana.

Hajjo_UX:
A wannan kam ban saɓa maka ba. A sa rana, amma bayan kaka, kuma a sa saƙo a cikin manhajar da Hausa wanda masu tsohuwar waya kaɗai za su gani. Kada mutum ya wayi gari kawai ya ga abu ya daina aiki.

DanMaradi:
Kuma kafin ranar ka tabbata sigar ƙarshe da za ka bar musu tana iya fitar da bayanansu, ko zuwa fayil ko ta WhatsApp. Play ba ya goge manhaja daga wayar mutum don ka ɗaga minSdk, sabuntawa ce kawai ba zai ƙara gani ba. Za su ci gaba da amfani da ita shekara da shekaru kana nan ba ka sani ba, don haka kada ka canza tsarin bayanan Firebase ta yadda tsohuwar za ta riƙa rubuta shirme a ciki.

Dan_Kurmi:
Jama'a na dawo. Na bi ta wurin Sarki da yamma na karɓo wayar, Allah ya saka da alheri, har shayi ya saya min. Na mayar da laburaren na watan azumi, Firebase na kan layin 32 ashe tun can, na bar Studio a sabo, compileSdk da targetSdk 35, minSdk 21. Na canza removeLast() ɗin nan biyu. Ta haɗu, ta shiga Tecno ɗin, na rubuta rasit na kashe data na kunna, ya tafi. Tana ɗaukar kamar daƙiƙa bakwai kafin ta buɗe amma tana buɗewa. Maɓallin "Ajiye" kuwa ya shige ƙasa a Android 15 kamar yadda Malama Yar_Zazzau ta ce, shi nake gyarawa yanzu. Farashin taki har yanzu ba ya fitowa a 5.1, gobe zan zauna da maganar satifiket ɗin.

Na kira sakataren ƙungiyar na gaya masa maganar sauya wayoyi bayan kaka. Ya ce za su tattauna, amma wai in fara gaya masa nawa ne wayar da "ba za ta sake tsufa ba".

Sarkin_Waya:
Ka ce masa ya zo shago, akwai Nokia mai tocila.

Injiniya_Gombe:
Kafin ka wahalar da kanka da OkHttp gobe, farashin nan sau nawa yake canzawa? In ba kullum ba ne, me zai hana sakataren ya riƙa rubuta shi a Firebase ɗin kawai, ka daina kiran shafin nasu gaba ɗaya?

Dan_Kurmi:
Sakataren da sai na je har ofis nake buɗe masa imel? Bari dai in gwada tambayarsa.

sabon_shiga:
Don Allah kafin a watse, ni tawa minSdk 19 ce kuma yanzu Studio ya nuna min akwatin ɗaga AGP. In danna ko kada in danna?